Wane sikeli za ka saya in duwatsun akwatin kifi za ka auna?

Duk mai ajiye kifin ado cikin akwatin gilas, ranar da sha'awar jera duwatsu ta kama shi to ranar ya fara buƙatar sikeli, ko ya sani ko bai sani ba. Mu nan Sakkwato ba mu saba da kilo ba sosai, gero da dawa mudu ne da kwano, albasa buhu ce, yashi da tsakuwa kuwa tifa ce ko baro, shi ya sa in ka ce ma mutum dutsen wanga kilo nawa ne sai ya ɗaga shi ya jinjina ya ce ai bai fi biyar ba, alhali ya kusa sha biyu. Hannu ba ya faɗin gaskiya kan dutse, musamman mai santsi wanda ke da daɗin riƙo.

Kuma lissafin ba na wasa ba ne. Ɗauki akwatin da mutane sunka fi yi, mai tsawon santimita 120, faɗi 45, tsayi 45. Gilashin kaɗai in mai kaurin milimita 10 ne ya kai kilo 50. Yashi mai kaurin santimita 5 a ƙasa wajen kilo 40 ne. Ka zuba duwatsu kilo 40, sannan ruwan da zai cika sauran wurin wajen lita 180, kowace lita kuwa kilo ɗaya ce cif. In ka haɗa ka haura kilo 300, buhun siminti shida ke nan zaune kan tebur guda dare da rana ba sauka. To wannan lambar ita za ka kai ma mai walda kafin ya yanka ƙarfe, don in ka ce mishi tebur na kifi kawai kake so, siririn fayif zai ɗauko ya haɗa maka abin ɗora talabijin, ba laifinshi ba ne, bai san abin da zai hau kai ba. Wanda ke zaune a bene kuma shi ma ya kamata ya san nauyin kafin ya zaɓi kusurwar da zai aje.

Dalili na biyu kuɗɗi ne. Masu sayar da duwatsun ado na waje, irin su seiryu da dragon stone da dutsen aman wuta, akasarinsu suna Legas da Abuja kuma da kilo suke sayarwa, kuɗɗin mota ma nauyi ke yanke shi. In ka biya na kilo 20 kaya sunka iso tasha, ai ya kamata ka iya tabbatarwa ba sai ka tsaya kana jinjina kwali ba.

To wane iri za a saya? Ni dai abin da na tsaya a kai shi ne, aikin dutse ba ya son sikeli mai tsada, ba ya kuma son mai ƙididdige giram ɗaya-ɗaya, abin da yake so shi ne wanda zai ɗauki nauyin bai lalace ba kuma siffar dutsen ba ta dame shi ba. Kuskuren giram 100 ko 200 kan dutse mai kilo 15 ba abin da zai canza ma teburinka. Wanda ya fahimci haka ya huta da rabin ɓarnar kuɗɗi.

Sikelin kicin na masu kek da cincin a bar ma masu shi. Iyakarshi kilo 5 ne, wasu 10, farantin roba ne ɗan ƙarami, dutse ɗaya mai kyau ya gama da shi. Abin da ke cikin duk wani sikeli na lamba wani guntun ƙarfe ne, akasari alminiyom, da anka manna ma siririyar waya, in nauyi ya hau sai ƙarfen ya ɗan lanƙwasa kaɗan yadda ido ba ya gani, wayar ta miƙe, na'urar ciki ta juya wannan miƙewar ta zama lamba. In ka ɗora abin da ya fi ƙarfinshi lanƙwasar ba ta komawa daidai, daga ranar sikelin zai ci gaba da kunnuwa lafiya lau yana ba ka lamba amma ƙarya yake yi, kuma uwargida ce za ta gano a fulawarta, kai kuma ka shiga uku.

Sikelin awon mutum, wanda ake takawa, shi ne mafi yawan gidaje ke da shi, kuma yana aiki in an bi da shi yadda ya dace. Yana ɗaukar kilo 150 zuwa 180, yana tafiya da giram ɗari-ɗari. Sai dai kada ka ɗora dutsen kai tsaye. Na farko saman nashi gilas ne, in ƙahon dutse ya dangware shi da ƙarfi tarwatsewa yake yi gaba ɗaya ba tsagewa ba. Na biyu da yawansu ba su farkawa in abin bai kai wasu kiloli ba, ko su farka su ba ka lambar da sunka ga dama. Dabarar ita ce ka hau kai kaɗai ka rubuta, ka rungumi dutsen ka sake hawa, ka ɗebe na farko daga na biyu. Matsalarshi ƙafafu huɗu ne gare shi kuma kowace ƙafa tana da nata ma'aunin a ciki, don haka dole ƙasa ta zama mai tauri kuma a shafe, tayil ko siminti mai kyau. Kan kafet ko tabarma ko tsakar gida mai rairayi lambar banza za ka samu. Sannan kana rungume da dutse mai kilo 20 ba ka ganin ƙafarka balle lambar, sai ka kira yaro ya duƙa ya karanta maka kai kuma kana nishi kana cewa yi sauri. In kana da shi a gida kuma awon sau ɗaya ne za ka yi, to kar ka sayi komai, ya ishe ka.

Amma in saye za ka yi, sikelin rataya mai ƙugiya shi ne zaɓina, irin wanda alhazai da masu zuwa Umara ke auna jakunkunansu da shi kafin su nufi filin jirgi. Ɗan ƙarami ne yana shiga aljihun riga, yana ɗaukar kilo 50, yana tafiya da giram goma-goma, kuma cikin duk masu lamba da za su iya aikin dutse shi ya fi sauƙin kuɗɗi nesa ba kusa ba. Ba zan rubuta farashi ba don kafin ka gama karantawa ya canza, amma kuɗɗin babban sikelin ƙasa guda ɗaya zai sayo maka irin wanga da yawa har da canji. Abin da ya sa ya dace da dutse shi ne bai damu da siffa ba, dutse mai ƙaho ne, mai tumbi ne, wanda ba ya zama da gindinshi ne, duk ɗaya, ka jefa shi cikin buhun bagko mai ƙarfi ka ɗaure baki ka rataya. Ka fara rataya buhun da igiyar ba komai ciki ka danna botin ɗin da anka rubuta TARE ya koma sifili, sannan ka sa dutsen.

Kilo 50 ɗin da anka rubuta kuwa kar ka ɗauke shi da gaske har ƙarshe. Ni ba na wuce 35 a rataya ɗaya, don hannun roba ne da ɗan siririn zobe, su ke fara yankewa kafin ma'aunin ciki ya gaji, kuma in sunka yanke a kan yatsun ƙafarka dutsen zai sauka. In za ka zaɓa ka nemi mai ƙugiyar ƙarfe mai kauri da zoben ƙarfe a sama, ba mai ɗan bel ɗin yadi ba. Ka auna duwatsun ɗaya-ɗaya ko biyu-biyu kana rubuta nauyin a jikinsu da alli, daga baya ka tara. Wannan rubutun allin yana da rana sosai lokacin jeri, don za ka ga ko ka tara nauyin duka gefe ɗaya.

Kar kuma ka riƙe da hannu. Duk ƙarfinka hannu sai ya yi rawa, lamba ta yi ta tsalle, shi kuma sikelin yana da ɗabi'ar kulle lamba da kanshi in ya ga ta ɗan tsaya, sai ya kulle a wurin da ba daidai ba ka ɗauka ya gama. Ka nemi wurin ratayawa, reshen dogon yaro mai kauri, ƙarfen rumfar mota, ko mutum biyu su saɓa tabarya a kafaɗa a rataya tsakiya. Ka bari buhun ya daina lilo, kar ya taɓa bango ko ƙafar kowa, kuma tazarar shi da ƙasa kar ta wuce taƙi ɗaya don ko igiya ta tsinke ba a yi asara ba.

Wani abu da ke rikita mutane, akwai botin na canza ma'auni. Yana zagayawa daga kilo zuwa lb, wato awon Amurka da Ingila wanda ɗaya bai kai rabin kilo ba, giram 454 ne, wasu na Caina kuma har da nasu awon da suke kira jin, shi kuma rabin kilo ne daidai. To in yaro ya yi wasa da botin ɗin ya bar shi kan jin, dutsen kilo 10 zai nuna 20, kai kuma ka yi ta murna ko ka yi ta faɗa da mai kaya a banza. Kafin ka karanta lamba ka dibi ƙananan haruffan da ke gefen sikirin.

Gwaji a shago kuwa wajibi ne, kuma ba ka buƙatar komai sai ruwa. Ledar fiya wata rabin lita ce, jaka mai guda 20 wajen kilo 10 ke nan, duk da ba kowace leda ke cika daidai ba, don haka in ka ga tara da ɗoriya ba laifin sikeli ba ne. Wanda ya fi tabbas shi ne gorar ruwan roba da ba a buɗe ba, mai lita ɗaya da rabi za ta ba ka kilo ɗaya da rabi da ɗan nauyin robar. Lokacin da na je sayen nawa cikin babbar kasuwa, na tsai da mai tura ruwa na ari jaka ɗaya na shiga da ita shagon, mai shagon dattijo ne, ya dube ni ya dubi jakar ya ce, "Ɗana, mi za ka yi da ruwa cikin shagon lantarki?" Na ce baba gwaji zan yi in ka yarda. Ya yi dariya ya ce, "Bismilla, kayana ba su tsoron gwaji," ya sa yaronshi ya kwance guda uku daga kwali ya sa musu batir. Munka rataya jakar a ƙarfen ƙofa, biyu sunka ba da lamba kusan ɗaya, na ukun duk ɗagawa sai ya faɗi wani abu daban, dattijon da kanshi ya karɓe shi ya jefa cikin durowa ya ce wanga komawa zai yi inda ya fito.

Abin da nake dubawa a gwajin ma ba wai lambar ta faɗa daidai kan 10 ba ne, maimaitawa nake dubawa. Ka rataya ka sauke ka sake ratayawa, in yana dawowa wuri ɗaya to mai gaskiya ne, ko da yana da ɗan ƙari ko ragi ka san shi ka iya lissafa shi. Ka kuma duba in ka sauke kaya yana komawa sifili ko yana barin ragowa. Sai ka ɗora gorar ruwa ɗaya bisa jakar ka gani ko ya ƙara abin da ya kamata, don wasu suna da kyau kan ƙaramin kaya amma in nauyi ya hau sai su fara ha'inci.

Yanzu ga inda sikelin rataya ya yi ma sauran fintinkau, kuma shi ya sa nake son shi. Da shi za ka iya auna dutse cikin ruwa. Ka ɗaure dutsen da igiya ka auna shi a iska, a ce ya ba ka kilo 8. Sai ka cika duro ko babban baho, ka sauke dutsen ciki yana rataye ya nutse duka amma kar ya taɓa ƙasa ko gefe, a ce yanzu ya nuna 5. Wannan kilo 3 da ya ɓace shi ne nauyin ruwan da dutsen ya ture, wato lita 3 ke nan ya cinye a akwatinka. Tsohuwar ƙa'idar Arkimidis ce ta Girka wadda anka koya muna a sakandare muna gyangyaɗi. Amfaninta biyu. Za ka san ainihin ruwan da ke cikin akwatin, wanda shi ake bi wajen zuba magani ko gishiri in kifi ya kamu da ciwo, don akwatin da ake kira mai lita 240 in an cika shi da dutse da yashi ruwan ciki bai wuce 180 ba, in ka zuba maganin 240 ka wuce ƙa'ida. Sannan in ka raba 8 da 3 ka samu wajen 2.7, wannan lambar tana gaya maka irin dutsen da ke hannunka. Giranait yana zama tsakanin 2.6 da 2.7, dutse mai ramuka kamar na aman wuta yana faɗowa ƙasa sosai, shi ya sa kilo 10 nashi ke cika ido fiye da kilo 10 na giranait.

Kar dai wani ya ce to ai dutse ya rage nauyi cikin ruwa, tebur ya huta. Bai huta ba. Tebur yana ɗauke da nauyin dutsen duka, rangwamen kawai shi ne ruwan da dutsen ya hana shiga. Dutsen kilo 40 na giranait yana ture wajen lita 15, ƙarin da ya kawo ma tebur kilo 25 ke nan bisa akwatin da ruwa ne zalla.

Tunda an zo maganar irin dutse bari in ɗan ratse, don mutane na tsinto duk abin da ya burge su a hanya. Ƙasar Sakkwato farin dutsen siminti ne da ita, shi ya sa ma masana'antar siminti ta zauna a Kalambaina tun 1967 tana aiki. Wanga dutse yana da kyau a ido, wani har da alamun ƙwanson halittun ruwa na da can a jikinshi, amma yana narkewa a hankali yana ƙara ma ruwa tauri, wato yawan ma'adinan da sunka narke a ciki, yana kuma ɗaga pH, lambar da ake auna tsamin ruwa da ita, in ta hau tsami ya ragu. Ga kifin Tafkin Malawi da Tanganyika wannan gata ne, ruwansu na asali haka yake, pH ɗinshi yana wajen 8. Ga irin su tetra da discus da ke son ruwa mai laushi kuwa wahala ce. Ka ɗiga mishi ruwan khal, in ya yi kumfa yana ƙara siii to shi ne. Seiryu ɗin da ake sayowa da tsada ma ɗan gidansu ne. Giranait na wajen Gusau da Kwatarkwashi shi ba ruwanshi da ruwa, ba ya canza komai, nauyi ne dai kamar me. Jar marmara kuma tana marmashewa tana rina ruwa, sannan tana shan ruwa sosai, don haka ita da duk dutse mai ramuka a bushe ake auna su in saye za a yi, wanda ya wanke maka dutse fes ya ɗora kan sikeli a jiƙe ruwa ya sayar maka a farashin dutse.

Akwai wata ƙa'ida da ke yawo a intanet wai lb ɗaya zuwa ɗaya da rabi na dutse ga kowane galan, wannan ta masu akwatin ruwan teku ce a Amurka waɗanda dutsen ke yi musu aikin tace ruwa, galan ɗinsu ma lita 3.8 ne. Mu masu ruwan daɗi ba ta shafe mu ba, ka sa abin da ya yi maka kyau kuma gilas da tebur za su ɗauka.

Sikeli mai allura irin na mahauta da masu kifin ƙanƙara, su Camry da Salter, shi ma ban raina shi ba. Ba batir ba caji, ƙura ba ta dame shi, akwai na tebur akwai na rataya mai kilo 100 har 200. Sai dai manyan suna tsallake rabin kilo ko kilo guda tsakanin layi da layi, kuma in za ka sayi na hannu ka san sifirin ɗin ciki yana saki in ya tsufa. Ka murza ɗan kunnen saiti allura ta zauna kan sifili, ka tsaya saitin fuskarshi ka karanta ba ta gefe ba. Babban sikelin ƙasa mai faranti na kilo 150 ko 300 kuwa na ɗan kasuwa ne, in ba sayar da dutse za ka fara ba ban ga dalilin sayenshi ba, ga cin wuri, ga batirin cikinshi irin na fitilar caji ne wanda in an bar shi watanni ba caji yake mutuwa murus.

Duk wanda za ka saya ka juya shi ka karanta ɗan rubutun jiki. Max shi ne iyakar abin da yake ɗauka, d shi ne tsallen da yake yi tsakanin lamba da lamba, wasu suna da Min wato abin da in bai kai shi ba kar ka yarda da lambar. Ka kuma tambayi irin batir, mai AAA ya fi min mai ɗan zagayen CR2032 don kowane kanti a unguwa za ka samu. In ka ga Lo ya fito a sikirin canza batir kafin ka yarda da abin da ya faɗa, in ka ga Err ko jerin E sauke kaya maza ka yi mishi yawa.

Zafin garin nan ma yana da nashi hukunci. Daga Maris zuwa Mayu da ake haura digiri 40, sikelin da ya wuni cikin mota ko kan dakali a rana sikirin ɗinshi baƙi yake yi, ƙarfen ciki ya ɗau zafi lamba ta riƙa zamewa. Ka yi awonka da safe ko a inuwa. In ka gama ka cire batir don kar ya fashe ya ci wayoyin, ka ɗaure shi cikin leda saboda ƙurar hunturu.

In kuma ka samu wani ƙaton dutse guda ɗaya wanda ya haura kilo 35 kuma ranka ya biya, kar ka sayi babban sikeli saboda shi kaɗai. Ka ɗora shi a keke napep ka kai wurin 'yan gwangwan ko masu cika gas, suna da manyan sikeli, ka ba yaron wurin na shan ruwa ya auna maka. Wajen sa shi cikin akwati kuma ku zama mutum biyu, a shimfiɗa farin soson kwalin firij ko robar raga kan gilashin ƙasa tukuna don nauyin ya bazu kar ya taru kan ƙaho ɗaya, a zaunar da dutsen ya daina motsi, sannan a zuba yashi kewaye da shi, don kifin Malawi tono suke yi, in dutsen kan yashi yake zaune za su rarake ƙarƙashinshi ya kife kan gilas.